Dokar Inna Piroska Ta Ɗari Biyu Da Sha Huɗu

Szeged, 9 ga Satumba, 1987

Masoyiyata Etelka,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Baba. Ya ciwon ƙafarsa?

Kin tambayi abin da ya hana ni dawowa gida. Inna Piroska ce. Shekara arba'in tana tantance busasshen barkono a masana'antar nan, yanzu idonta na mutuwa, kuma babu wanda ya gaje ta. Aikina in kwashe saninta in zuba a kwamfuta kafin ta ajiye aiki.

Manhajar da muke amfani da ita ta burge ni ƙwarai. Fanko take zuwa, sai a cika ta da dokoki: idan kaza, to kaza. In an gaya mata yanayin barkonon, ita za ta ɗinka dokokin ta yanke hukunci, in an tambaye ta dalili ta zayyano shi tiryan-tiryan. Na shigar da dokoki ɗari biyu da sha uku, har na fara hura hanci.

Jiya injin ya ce wani buhu lafiya lau, Inna ta ce a zubar. Aka fasa barkonon, sai ga fumfuna a ciki! Na ji kunya kamar in nutse. Ashe girgiza shi take yi kusa da kunne, wai mai lafiya 'ya'yansa na kacau-kacau. Na ce me ya sa ba ta taɓa gaya mini ba. Ta ce, "Kai ɗan boko, launi kaɗai kake ta tambayata. Makauniya za ka tambaya launi?"

Naki har kullum,
Dezső

Szeged, 2 ga Nuwamba

Etelka tawa,

Ina gaishe ki, ina fatan sanyin nan bai kama ki ba.

Inna ta ajiye aiki ranar Litinin, ko fuskata ba ta iya gani. Na yi hawaye, ban ɓoye ba.

Yau injin ya ƙi wani buhu ja wur, kyakkyawa. Manaja ya fusata, ya danna maɓallin dalili. Dama na shigar da girgizar nan a matsayin doka ta ɗari biyu da sha huɗu, kuma wurin bayanin dokar ban gyara ko kalma ɗaya daga bakin Inna ba. Sai allo ya rubuto masa: "Bai yi ƙara ba, sakarai. Girgiza ka ji."

Ya ɗauki ɗaya ya girgiza. Shiru.

Ina tafe ranar Asabar, ki gaida Baba.

Mijinki mai kewarki,
Dezső