Katin ne ya gaza, ko hannuna?

Hajiya Yakaka, don Allah ki taimake ni, kuma kada ki yi wa dattijo dariya. Shekarata sittin da uku, na yi ritaya daga tuƙin jirgin ƙasa. Shekarar da sojoji suka miƙa mulki na sayi kwamfuta 'yar kwatano, wato ta hannu, a Sabon Gari, don ɗiyata Bisola ta koyi buga takardu. Ta yi aure ta bar min ita.

Bara waccan na kamu da shanyewar ɓarin jiki, hannun dama ya mutu. Likitan gashin ƙashi ya ce in riƙa motsa yatsu kullum. Aminina Obadiah, tsohon malamin makaranta daga Zonkwa, shi ya kawo min faifan wasan ƙwallo, ya ce ya fi matsa ƙwallon roba daɗi. Tun daga nan duk Asabar bayan la'asar muke karawa. Wata biyar yana cina, sannan na fara rama kaina. Ranar da na fara cin sa, matata Mulikat har tuwon masara ta kai wa maƙwabta.

To, watan jiya muka sa sabuwar fitowar wasan. Ciyawa kamar ka taɓa, 'yan kallo har da tutoci, amma hoton sai ya riƙa tsayawa yana fizga. In na danna bugu, sai an ƙwace ƙwallon sannan ɗan wasana zai ɗaga ƙafa. Asabar huɗu ban ci ko ɗaya ba. Onyekachi mai gyara a Titin Ibrahim Taiwo ya ce katin hoton ne, wato ɓangaren da ke zana abin da ake gani, ya tsufa. Obadiah ma haka ya ce, amma da sauri ya faɗa, bai kalle ni ba. A kwamfuta ɗaya muke bugawa, me ya sa shi yake ci?

Abin da ban gaya wa kowa ba, shekaranjiya kofin shayi ya suɓuce min. Ina tsoron in sayi sabon kati in tarar ba shi ne ba. Mulikat ta ce mu koma tsohon wasan mu huta. Ni kuwa ban taɓa barin jirgi a tsakiyar daji ba, ba zan fara yanzu ba.

Tsohon direba, Kwaciri, Fagge

Baba, babu abin dariya a nan, sannu da ƙoƙari.

Na tambayi masu gyara biyu, bakinsu ɗaya da Onyekachi. Katin wancan zamani yana iya ɗaukar sabon wasa, amma da ƙyar. Ka sa a shiga saitin wasan a rage girman hoton, a kashe inuwa da ƙawar 'yan kallo, a buɗe akwatin kwamfutar a share fankar katin. Sau da yawa wannan kaɗai yana rage fizgar. Kyan hoto zai ragu, amma ai ba ciyawa ka zo kallo ba. Idan za a sayi sabo, a fara tabbatar zai shiga gurbin tsohuwar kwamfutar.

Cin da Obadiah yake yi bai wanke katin ba. Mai lafiyayyen hannu yana iya cike ɗan jinkirin da kai ba za ka iya ba tukuna. Sai dai kuma bai wanke hannun ba, kuma kati bai saki kofin shayi ba. Wannan kam kada ka jira. Ka gaya wa Mulikat yau, ka koma wurin likita cikin makon nan. Wanda ya taɓa wannan ciwo ba ya wasa da sabon rauni.

Bayan likita ya duba ka, ku je shagon Onyekachi ku buga a sabuwar kwamfuta, ka kuma roƙi amininka ya gaya maka gaskiyar abin da ya lura. Shawarar Mulikat ma ba gudu ba ce: ku riƙa buga tsohon kafin a gyara, don kada yatsun su yi sanyi.

Allah ya ƙara lafiya da ƙarfin hannu. A gaishe da Mulikat, a kuma gaya wa Malam Obadiah ya shirya.