Kwikwiyo na Shida

Badar, ranar Asabar

Zuwa ga Yaya Zinariya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya gwiwa, ya mutanen unguwarku Jurf can Madina? Tunda kunnenki ya daina shiri da waya, ga takarda nan a hannun Sanusi mai motar dabino, tare da kwali biyu na sabon yanka.

Yaya, Shahina ta haihu wata biyu ke nan, ban faɗa miki ba don na san abin da za ki ce. Ita ce karyar farautar nan, saluki, wadda maƙwabcina Abu Zubair ya ba ni kafin Allah ya yi masa rasuwa. Kwikwiyo shida, duk lafiya lau. Akwai wata ja mai farin ƙirji a cikinsu, in ta ruga tsakanin dabino sai in ji kamar in bi ta, da furfurata.

Ga abin da ya hana ni sakat. Ɗanki Abdulmajid ya ce in nemi shiga nadinsu, wato ƙungiyar masu kiwon saluki da ke bayan Madina, inda yake cikin lajana, kwamitin da ke tantance sababbi. Suna da likitan dabbobi, suna da filin tsere, suna da mazan karnuka masu asali. Amma dokarsu, sabon shiga sai an zo an zaɓi wanda ya fi kyau a haihuwar farko, a yi gwanjonsa don ƙungiya. Ni kuwa ranar da Abu Zubair ya danƙa mini igiyar Shahina cewa ya yi, "Ya Mahmud, mu ba ma sayar da saluki, kyauta ake yi. Amma zaɓaɓɓen cikin fari gidan da uwar ta fito yake komawa." Na ce na ji, na ɗauka.

To zaɓaɓɓiya ɗaya ce, masu jiranta biyu. Ina son shiga ƙungiyar nan, Yaya, ba zan ɓoye miki ba. Duk ƙuruciyata a kujerar direba ta ƙare, ta madubi nake kallon irin mutanen nan. Yau an ce ga shimfiɗa, zo ka zauna a zuba maka gahawa. Na shiga gona na fito, na kunna ruwa na manta ban kashe ba. Me kika gani?

A gaida yara. Ƙaninki,
Mahmudu

*

Jurf, ranar Litinin

Mamuda,

Wa alaikumus salam. Dabino ya iso, Allah ya yi albarka, ko da yake na bara ya fi laushi.

Wasu tsufa ya zo musu da carbi, kai ya zo maka da kare. Ina ce da ka ajiye tuƙi za mu riƙa ganinka a sahun gaba a Harami, ashe ungozoma ka koma. Ba komai, na farauta ne, malamai sun ce babu laifi. Amma kada ka sa rai in zo in yi barka.

Ka tambaye ni abin da na gani. Taura biyu ba ta taunuwa. Alkawari kaya ne, kuma mai shi ya riga ya kwanta, ba ka da inda za ka je ka ce ya sauke maka. Matarsa Ummu Zubair tana nan da ranta, katanga ɗaya ce tsakaninku. Ka tashi ka je wajen mutanen nadi, ka buɗe baki ka ce, ga yadda muka yi da marigayi, wannan ba tawa ba ce, ku zaɓa cikin sauran. In sun yarda, madalla. In sun ƙi, ka dawo ka kashe ruwan da ka bari yana zuba.

Kai da ka yi tuƙi ai ka fi ni sanin inda motar kwaɗayi take sauke fasinja.

Yayarka,
Zinariya

*

Badar, ranar Laraba

Yaya,

Salamu alaikum, a gurguje nake rubutu, Sanusi yana ta danna mini oda.

Maganarki gaskiya ce, amma ba ki san mutanen nan ba. Kowannensu yana lissafa kakannin karensa kamar yadda yake lissafa nasa. Ni wa zan lissafa? Kakanmu da ya taho daga Katsina a ƙafa? In je in zauna gaban 'ya'yan ƙabila ina karanta musu al'adar Badawi, Larabawan sahara? Dariya za su yi, su ce Hausawi ya ga mai kyau ya ƙirƙiro wasiyya. Mamaci kuwa ba ya shaida.

Don haka na samo dabara. Na gaya wa lajana biyar ta haifa. Jibi za su zo su zaɓa. Ba zan iya kai jar gidan Ummu Zubair yanzu ba, don ta ƙofarsu za su wuce, kuma kwikwiyar ba ta iya yin shiru ba. Kwali na uku da Sanusi zai miƙo miki, mai huji a gefe, ba dabino ba ne, jar ce a ciki. Ki sa a kai ta saman bene, kwana kaɗan ne kawai. An yaye ta, tana cin shinkafa da ɗan nama, kada a ba ta ƙashin kaza. Da zarar an karɓe ni zan zo in ɗauke ta in kai inda aka ce.

Ki yi haƙuri, ki rufa mini asiri. Kada Abdulmajid ya ji.

Mahmudu

*

Jurf, ranar Juma'a

Mamuda,

Ba zan gaishe ka ba.

Sanusi ya ajiye kwalaye ya tsere kafin in warware takarda, ka koya masa da kyau. Na sa hannu ina neman dabino, sai abu ya lashe ni. Kare a gidana, a Madina, da tsufana! Na wanke hannun nan har ya yi fari. Shimfiɗar sallata na kai ta saman kabad, maƙwabciyata Hidaya kuma ta leƙo tana tambaya ko jika aka kawo mini mai kuka haka.

Na kai ta sama don ba yadda zan yi, ba laifinta ba ne da aka haɗa ta da mahaukaci. Rana ta yi mata yawa, na kafa mata tsohon zane. Ba ta cin shinkafar sai an zuba romo, wannan ma ba ka faɗa ba.

Sai kuma ka ce kada Abdulmajid ya ji. Ka manta duk Juma'a a nan yake cin abincin rana? Yana zaune yana ba ni labarin yadda suka je gonarka da safe, wai kawu ya burge kowa, biyar kamar an zana su. Bai rufe baki ba ta shida ta amsa masa daga sama. Ya ajiye cokali ya hau. Da ya sauko ya tambaye ni, ni kuma ban yi masa ƙarya ba, don ban iya ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, naka ko tsawon bene bai kai ba.

Yaron nan shi ya tsaya maka a gabansu. Ka tuna da wannan kafin ka fara huci.

Zinariya

*

Madina, ranar Talata

Zuwa ga Kawu Mahmudu, Allah ya ƙara girma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da ladabi. Ka yi mini afuwa da Hausata, ka san a baki na tsince ta wajen Umma. Na ɗauki waya sau da yawa na kasa, shi ya sa na rubuta.

Jiya lajana ta zauna a kan maganarka. Kafin a ɗaga hannu shugaba ya tambaye ni, tunda ni na kawo ka, ko akwai abin da na sani. Kawu, wallahi na so in yi shiru. Amma a wajenmu duk abin da ake riƙe da shi maganar mai kiwo ce. Babu wanda yake wurin in karya tana haihuwa. In ka ce biyar, biyar ne, in ka ce wane ne uban, shi ne. Na ce musu shida ne, ta shida tana gidan mahaifiyata, na kuma faɗi dalili kamar yadda Umma ta gaya mini.

Shugaba ya ce ya san Abu Zubair, sun yi farauta tare a Wadi Safra. Ya ce, "Subhanallah. Haƙƙin gidan uwa ai kafin a haifi nadi yake. Da ya faɗa, da da kaina zan ɗauki kwikwiyon in raka shi ƙofar matar. Bara ma mun bar wa wani haka." Wani dattijo ya ce rabonsa da jin wanda ya riƙe wannan al'ada har ya manta, yaran yanzu sai sayarwa.

Bayan haka suka ɗaga hannu, ba a karɓe ka ba. Sun ce ba don kwikwiyon ba ne, don biyar ɗin ne. Wanda suka zaɓa ma sun bar maka. Ni ban ɗaga hannu ko ta ina ba, kuma na ji kunya ta ko'ina. An ce kana iya sake nema baɗi, amma ban sani ba ko za ka so.

Kada ka yi fushi da Umma. Tana faɗa, amma ita take hawa benen nan da gwiwarta ta kai romo.

Ɗanka mai biyayya,
Abdulmajid

*

Badar, ranar Alhamis

Yaya,

Salamu alaikum. Na ga takardar Abdulmajid. Ki ce masa ban yi fushi ba, ya yi abin da ya kamata in yi.

Tun ina yaro nake shirin ranar da mutanen nan za su rufe mini ƙofa. Ashe a buɗe take, ni ne na haura ta katanga. Abin ya yi mini ciwo, Yaya, ya fi a ce sun kore ni don asali, da na san wanda zan zarga.

Kada ki ba Sanusi jar kwikwiyar. Gobe bayan an sauko daga masallaci zan zo da kaina, ki tanadi duk faɗan da za ki yi. Na aika wa Ummu Zubair cewa akwai amanar mijinta a hannuna. Ta ce ta ji kukan 'ya'yan Shahina tun ranar da aka haife su, tana ta jira ta ga ko zan tuna.

Ƙaninki,
Mahmudu