Mutum Biyar a Dosiye Ɗaya

Kano, 4 ga Maris, 2024

Yaya Zakiru,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Rauda da yara. Inna tana gaishe ku.

Yaya, aikin digirina ya tsaya cak. Ka san bincike nake kan lafiyar mutanenmu da ke zaune a ƙasashen waje. Na yi karatu har idona ya gaji, amma duk rubutun a kan waɗanda suka tsallaka Turai ne. Ku da kuke Gabon shekara da shekaru, ko layi ɗaya ban samu a kanku ba. Ka daure ka tambayar min mutanen kasuwar Mont-Bouët me ke damunsu, kuma ina suke zuwa neman magani. Ka fara da kanka, don muryarka a waya ba ta yi min daɗi ba.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Sadiya

Libreville, 19 ga Maris

Sadiya,

Wa alaikumus salam. Muna nan, sai gajiya. Ki gaida Inna.

Tunda kin ce in fara da kaina, to ga shi. Duk layinmu ni kaɗai takardar zamana ba ta mutu ba, da ita na buɗe kati a wani ƙaramin asibiti a unguwar Glass. Marasa takarda tsoron tambaya suke, sai su ari katina. Ma'aikatan ba sa duba hoto, duk mai hula kamarsa ɗaya a wurinsu. Yanzu mu biyar ne a fayil ɗina, wanda a nan ake cewa dosiye. A ciki ina da gyambon ciki, an taɓa yi min aiki alhali ko tabo babu a jikina, ina kuma da ciwon sukarin Issoufou, ɗan Nijar mai sayar da takalma kusa da shagona.

Wata biyu ke nan ƙafafuna suna kumbura. Da na je, likitar ta buɗe dosiye, ta ce ai sukarina ne ya motsa, ta ƙara ƙarfin magani. Don kada asirin Issoufou ya tonu, na karɓa. Kwana uku ina sha, ran na huɗu na faɗi a shago kafin azahar. Na farfaɗo Issoufou yana ɗura min ruwan sukari.

Kada Inna ta ji. Allah ya ba ki sa'ar karatu.
Yayanki, Zakiru

Kano, 21 ga Maris

Yaya,

Bayan gaisuwa, raina a ɓace yake. Kai da kake yi mana faɗan shan magani barkatai, kai ne ka sha na wani har kwana uku? Ka daina shi yau. Kumburin ƙafa ba abin wasa ba ne, zai iya zama zuciya ko ƙoda. Ka koma ka gaya wa likitar gaskiya, a gwada jininka da sunanka. Ka manta da bincikena, tsoro nake kada mu rasa ka.

Allah ya ba ka lafiya.
Sadiya

Libreville, 6 ga Afrilu

Sadiya,

Ina gaisuwa. Na daina maganin. Sau biyu ina hawa taksi har ƙofar asibitin, in tsaya, in juyo. In na faɗi gaskiya rufe dosiyen za su yi, Issoufou kuma da shi yake karɓar maganinsa duk wata, shekara huɗu ke nan. Ya ce in je in faɗa, shi ya haƙura. Na kalli ƙafarsa da ta fara miki, na ce masa ya rufe min baki. Na gaji, Sadiya. Takalmi ma ya daina shiga ta, da silifa nake zuwa kasuwa.

Ki sa ni a addu'a.
Zakiru

Libreville, 25 ga Afrilu

Sadiya,

Assalamu alaikum. An gwada ni, ƙoda ce, sun ce an tare ta da ɗan sauran lokaci. Wani asibitin na je, a unguwar Louis, da katin Abdulƙahar, ɗan Garwa ta Kamaru mai sayar da atamfa a wani layin. Bai taɓa kwanciya ciwo ba, nasa dosiyen fes yake. Da ma'aikaciyar ta kira sunansa, sai da ta maimaita sau uku kafin na tashi.

Jiya ya zo duba ni. Yana fita na ji yana tari, bai nemi katinsa ba, ni ma ban miƙa masa ba, tunda yanzu ciwon ƙodata na cikin dosiyensa.

Ki gaida Inna.
Yayanki, Zakiru