Muryar da Ba ta Nicanor Ba

Barranquilla, 9 ga Nuwamba, 1999

Comadre Zoraida, aminiyata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da jikokinki a can Caracas, gwiwar nan kuma ta sarara miki. 'Yata Ibeth, 'yarki ta baftisma, tana gaishe ki. Katin ta'aziyyarki ya iso, Allah ya bar zumunci.

An rufe mijina Nicanor ranar Talatar da ta wuce. Da aka ɗauko akwatin, maƙwabta suka turo manyan lasifiku ƙofar gida suka saki waƙarku ta Asabar, wadda ta yi mako goma sha huɗu tana kan gaba a gidajen rediyo. Shekara ashirin ke nan, amma har masu ɗaukar gawa sai da kafaɗunsu suka motsa. Na san ba a biki a garin nan ba a sa waƙoƙin ƙungiyarku ta Luna de Caña ba, ashe har jana'iza.

Doña Petrona mai abinci ta rungume ni tana cewa, "Ke kam da sauƙi, Eulalia. Nawa mijin takalma kawai ya bar mini, su ma ɗaya a huje. Ke kuwa da kin murɗa rediyo, ga naki yana miki waƙa." Na ce mata haka ne. Me zan ce?

Ni da ke mun san muryar wa ke cikin faifan nan. Ku mata biyu kun rera naku, amma muryar namijin ta Don Fermín ce, mai shirya muku waƙoƙi. Shi ya rera kayarsa, sannan ya nemo kyakkyawan saurayi gwanin rawa ya riƙa motsa baki a dandali da talabijin. Mijina ya motsa bakin nan shekara shida, ya tafi kabari da sirrin. Da ya dawo gida mutane suka ji muryarsa siririya, sai ya ce aikin maƙogwaro aka yi masa. A zafin garin nan yake ɗaura ƙyalle a wuya, wai yana ɓoye tabo.

Ina da hotunansa fiye da ɗari, amma ba ni da muryarsa ko ta minti ɗaya. Don Allah ki duba tsofaffin kaset ɗinki. Ko tari ya yi a ciki ina so.

Taki,
Eulalia

Barranquilla, 28 ga Nuwamba

Comadre,

Ina gaisuwa, ya jiki? Ban iya jiran amsarki ba, na ajiye girman kai na je wurin Don Fermín. Ya tsufa tukuf, yana zaune kan kujerar lilo a baranda. Sai ya buɗe baki ya ce, "Sannu, 'yata, ya haƙuri?" Muryar nan ce dai, ba abin da ya taɓa ta, muryar da duniya ke cewa ta mijina ce, tana fitowa daga bakin da babu haƙori.

Na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya girgiza kai ya ce, "Makirufon Nicanor ai ko sau ɗaya ba mu jona shi ba. Ado ne. Amma ki rubuta ki ajiye, ba don ƙafafunsa ba da ko faifai goma ba mu sayar ba." Ya ɗauka yabo ya yi masa. Ya kuma ce za a sake fitar da waƙoƙin kafin Kirsimeti, da hoton Nicanor a gaba, wai in yi murna.

Na shanye kofin da aka kawo mini na fito. Ban yi kuka ba sai a cikin bas, domin direban ma waƙar nan ya saka, fasinjoji suna amshi.

Taki,
Eulalia

Barranquilla, 20 ga Disamba

Comadre ta kaina,

Da fatan kuna lafiya, kuna shirin Kirsimeti cikin kwanciyar hankali. Kaset ɗin bidiyon ya iso, na gode ƙwarai. Na san ba ki kalle shi ba kafin ki aiko, da ba ki rubuta "hira da mu uku" a jikinsa ba.

Muka zauna ni da Ibeth. Ga shi nan cikin farin wando mai faɗin ƙafa, kyau kamar shi ya yi kansa. Mai gabatarwa ta miƙa masa makirufo ta ce, "Nicanor, ina ka samo wannan murya?" Na riƙe hannun Ibeth. Ya ja numfashi, na ga leɓensa ya buɗe. Sai ga ki kin yi wuf kin tare, kina dariya kina cewa, "Ku bar shi, yana tattalin maƙogwaro!" Shi kuma ya yi juyi ɗaya ya rusuna, jama'a suka tafa. Ban ga laifinki ba, dokar Don Fermín ce. Amma na mayar da wurin nan baya ya fi sau ashirin, kullum kina riga shi.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Jiya da safe ina dafa kofi, na rufe ido ina son in ji yadda yake kirana daga tsakar gida, "Lalia, an ƙona ko da saura?" Maganar ta zo daidai, amma da muryar Don Fermín ta zo. Na sake gwadawa, haka dai. Waƙar nan tana kanti, tana bas, tana gidan maƙwabta, ta bi ta danne tasa a kaina. Shekara goma sha takwas muna tare, wata biyu bai cika ba na rasa ta.

Ibeth ta tuna mini cewa duk duniya ba wanda ya kai ki iya kwaikwayonsa, har fushi yake yi in kin yi. Ki zo, comadre. Ki zauna a tsakar gida, ni zan shiga kicin in juya baya, ki kira ni yadda yake kirana. Ki yi sauri, kafin ke ma ta ɓace miki.

Taki har kullum,
Eulalia