Ka Ce Sai Afrilu

Utaibiyya, Makka.
Watan Rajab.

Ƙanena Munzali,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ya sanyin Japan, ya aiki, ya mutanen kamfaninku? Mu nan alhamdu lillahi. Maigidana Taha yana gaishe ka, Baffa Wada ma ya ce in tambaye ka ko har yanzu kana iya cin yaji.

Da Hausa na rubuta maka, da hannuna, zan ɗauki hoton takardar in turo maka ta waya. In na kira ka kana wurin aiki, in ka kira ni ina kan hidimar Baba, in kuma muka haɗu muka kama Larabci sai ka koma lauya, ka zame ta nan ka ɓulla ta can. Da Hausa ba ka da wannan wayon, shi ya sa.

Saƙonnin muryarka duk na saurara, har wanda ka yi kana gudun kama jirgin ƙasa kana haki. Wallahi yanzu ni malama ce a kan Japan. Na san shinkafa ta yi tsadar da sai da gwamnati ta buɗe rumbunanta. Na san kuɗinsu ya karye. Na san ana rufe makarantun ƙauye don babu yaran da za su zauna a ciki, na kuma san masu neman ƙuri'ar nan da ke hawa saman mota da lasifika suna cewa baƙi sun yi yawa. Ka tambaye ni ra'ayina, to ga shi: ban gane musu ba. Ba su haihu ba, sun tsufa, sun rasa masu aiki, sun kira 'ya'yan mutane, sannan suna hararar su. Amma me ya ba ka mamaki? Mu da kakanmu ya tako daga Kano da ƙafarsa, aka haifi Baba a garin nan, aka haife mu, ai har yau akwai mai kallonmu ya ce Takaruni, wato baƙi daga Afirka. Ka saba, ɗan'uwana. Kada ka bari ya hana ka barci.

Yanzu in gaya maka abin da babu shi a labaranka. Baba ya daina fita wurin tsire tun bayan Maulidi. Ya ce hayaƙi ne ke damunsa, ya bar wa ma'aikatansa. Ba hayaƙi ba ne. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga, daga ɗaki zuwa bakin ƙofa sai ya tsaya ya dafa bango. Mun kai shi asibiti a unguwar Zahir, likita ya ce zuciyar ce ta gaji. Na dawo gidan da zama, Taha yana ta haƙuri da ni, Allah ya saka masa.

Baba ba zai taɓa ce maka ka zo ba, ka san shi. Sai dai ya riƙa tambayata ƙarfe nawa ne a Japan. Duk wanda ya zo gaishe shi kuwa sai ya ji cewa ɗansa ne ke ƙera jiragen ƙasan Japan. Na ce masa birki kawai kuke yi, shi ma wani ɗan ƙarfe ne a cikin birkin, ya ce in yi masa shiru.

Ka nemi hutu ka zo, ko na mako ɗaya ne. Rabonka da gida tun kafin Mama ta cika shekara biyu da rasuwa. Ba faɗa nake yi ba tukuna, roƙo nake.

Allah ya tsare ka. Wassalam.

Yayarka,
Hajara.

Utaibiyya, Makka.
Watan Sha'aban.

Munzali,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina fatan murar da na ji a muryarka ta sake ka. Ka riƙa shan citta, ka daina cin abincin kanti a tsaye. Jikin Baba da sauƙi, kamar yadda muke cewa.

Na ji amsarka. Ka ce sai Afrilu. Na maimaita saƙon har sai da na haddace dalilanka, don kada ka ce ban fahimta ba. Shekarar kamfani a ƙarshen Maris take rufewa, dole a miƙa aiki kafin nan. Ku kaɗan ne a sashenku, waɗanda suka yi ritaya ba a samu madadinsu ba. Hutu kana da shi a rubuce, amma wanda ya ɗauka a irin wannan lokaci ya jibga wa 'yan'uwansa kaya ne, ba wanda zai ce masa uffan, sai dai kowa ya riƙe a ransa. Na kusa da teburinka matarsa ta haihu, da safe ya leƙa, da rana ya dawo aiki. Malaminka na jami'a shi ya tsaya maka aka ɗauke ka, in ka ba da kunya shi ka ba. Ga takardar zaman dindindin da kake nema, ga 'yan siyasa suna ta maganar a ƙara tsananta ta, ba ka so a ce ga halin baƙon nan. Ban tsallake ko ɗaya ba, ko?

Ni ba na raina mutanen nan. Ƙasar da za ka yar da jakarka a tasha ka dawo ka same ta da kayanta, ai sai a sara musu. Da ma'aikatanmu na nan suna da rabin amanarsu, da takardar asibitin Baba ba ta kwana biyu a kan tebur ba. Amma kai da bakinka ka ba ni labarin tsohon da ke ƙasan beninku, wanda ya mutu a ɗaki ba wanda ya sani sai da wari ya fito. Ka ce ya yi wa kamfani ɗaya aiki duk rayuwarsa, 'ya'yansa suna wani gari, su ma aiki. Har kana cewa wace irin rayuwa ce wannan. Haba Munzali. Su 'ya'yan nan ai ba mugaye ba ne, su ma wani watan suke jira.

Abin da ya fi ƙona min rai, na rasa mai taya ni. Na kai ƙararka wurin Baba ina zaton zai ce a kira ka. Ka san me ya yi? Ya goyi bayan Japanawa! Ya ce mutanen kirki ke nan, wanda aka ba amana ba ya ajiye ta don tsoho ya yi tari. Ya ce ranar da aka haife ni ma bai kashe wutar tsire ba, alhazai suna layi, sai bayan isha'i ya zo ya gan ni. Wai ka gado shi, yana faɗa yana murmushi. Na shiga kicin na yi kukana na wanke fuska. Da na fito na tarar ya sa an buɗe masa hotonka a waya, ya kanga ta dab da idonsa.

Jiya likita ya ja ni gefe. Ya ce duk wanda ya kamata ya gan shi ya zo ya gan shi. Na ce akwai mai zuwa a Afrilu. Sai ya dubi takardarsa.

Ba ni da ikon komai a kanka. Ba na iya zuwa in kamo kunnenka kamar da, ba na jin yarensu balle in kira shugaban naku. Takarda kawai gare ni, ga ta nan.

Ka huta lafiya.

Yayarka,
Hajara.

Asibiti, Makka.
Cikin Ramadan.

Munzali,

Assalamu alaikum, barka da shan ruwa. Ina fatan azumin bai wahalar da kai a wurin aiki ba. An kwantar da Baba. Bai samu azumi ba bana, ranar farko da aka kawo masa abinci da rana ya juya fuska bango yana hawaye.

Na gode da ka daure ka yi wa shugabanku magana. Na san ba ƙaramin abu ba ne a wurinka. Ka ce ya tausaya ƙwarai, ya sunkuyar da kai, ya ce kada ka damu, in abin da ake tsoro ya faru kamfani yana da hutu na musamman na rasuwar mahaifi, ba a cire shi daga hutun shekara, kuma ba wanda zai ga laifinka. Ka turo min wannan kamar albishir.

Innalillahi. Wato mai rai ba shi da hutu, gawa ce mai hutu. Wato sai Baba ya mutu za a ba ka izinin ganinsa. Ban ce mutumin mugu ba ne, na yarda da alheri ya faɗa, ga al'adarsu haka take. Kai ka gaya min yadda aka yi da mahaifin wani abokin aikinka ya rasu, aka ajiye shi kwanaki a gida, dangi suka taru daga ko'ina cikin baƙaƙen kaya, kowa ya ga fuskarsa ya yi ban kwana. Shi shugaban naku wannan ya sani. Amma kai fa? Kai ɗan Makka ne, Munzali, a gabanka aka yi jana'izar Mama.

Ka taɓa ba ni dariya da labarin kamfanonin can da ake biya su kira shugaban mutum su ce wane ya bar aiki, don shi ba zai iya haɗa ido da shi ba. To ga ni, kyauta zan yi maka. Ba ni lambarsa, in yi masa da Hausa, wallahi sai ya gane.

Wasa nake, kuma ba wasa nake ba. Ina jin tsoro, ƙanena. Ni kaɗai ce a bakin gadon nan in Taha ya tafi aiki, kuma duk wanda ya turo ƙofa sai Baba ya ɗaga kai.

Yayarka,
Hajara.

Utaibiyya, Makka.
Watan Shawwal.

Ƙanena Munzali,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya ba mu haƙurin rashinsa. Ina fatan ka samu ka ci wani abu.

A waya jiya ba mu ji juna ba, kai kuka, ni kuka. Ka ce in rubuta maka yadda aka yi, kada in ɓoye komai.

Da hantsi ya cika. Ina riƙe da hannunsa, Baffa Wada yana yi masa kalmar shahada, ya karɓa. Bai sha wahala ba. Da na kira ka, ka ce a saka shi a talaja, wato sanyin asibiti, a jira ka, kwana biyu kacal, an riga an sa maka hannu a hutun, kana neman jirgi. Ka ce so kake ka ga fuskarsa kawai. Ka haɗa ni da Allah.

Ina so ka sani na roƙa maka. Ni da na yi wata uku ina yi maka faɗa, ni ce na durƙusa a gaban Baffa a barandar asibiti, mutane suna wucewa suna kallona. Na ce ɗansa ne namiji guda ɗaya, na ce ana yi, wasu ma suna jiran nasu daga Masar da Sudan. Baffa ya ɗaga ni yana hawaye shi ma. Ya ce tun cikin azumi Baba ya ɗora masa wasiyya: kada ya kwana a talaja, a kai shi Harami a sallar farko bayan an shirya shi, kuma kada a taso yaron nan daga aikinsa saboda gawa. Ban san da wannan maganar ba sai a lokacin. Na dubi Taha ya taya ni, ya sunkuyar da kai. Baba ya rufe bakina tun yana da rai.

An yi masa wanka bayan azahar. Aka bar ni na shiga na sumbaci goshinsa sau biyu, na ce masa ɗaya nawa ne, ɗaya na Munzali. Fuskarsa ta yi kyau, kumburin duk ya saɓe. Da la'asar aka shiga da shi Harami tare da wasu mamatan. Ina can sahun mata aka yi kiran sallar gawa, ga 'yan umara cike da masallaci, mutanen da ba su taɓa jin sunansa ba suka yi masa salla. Abin da yake so ke nan, ya samu. Daga nan maza suka wuce da shi maƙabartar Shara'i, ni aka mayar da ni gida. Taha da Baffa ne suka shiga kabarin. Kafin magariba sun dawo, an fara jera kujerun ta'aziyya a layinmu. Lokacin kai kana cikin jirgin ƙasa zuwa filin jirgi.

Ka ce abokan aikinka sun miƙe tsaye sun sunkuya maka, shugabanku ya raka ka har bakin lif. Na gode musu. Ba na jin haushinsu yanzu, ba na jin haushinka, na nemi faɗan ma na rasa. Saura kwana kaɗan Afrilu, na sani, kada ka ƙara lissafa min.

Daga filin jirgi ka tambaye ni ko akwai sauran amfanin zuwa, tunda kafin ka sauka an kwashe kujeru, ga aikin da ba a miƙa ba, ko ka koma ka taya su. Na daɗe ina kallon wannan tambayar.

Ka zo, Munzali. Hutun nan Baba ne ya samo maka shi, kada ka mayar musu. Ba za ka gan shi ba, wannan ya wuce. Amma ni ina nan, ina da rai, kuma ni babu hutun da za a ba ka saboda ni sai irin wannan. Ka zo ka gan ni da hutun nasa.

Wassalam.

Yayarka,
Hajara.