Katin Madam Peyrat da Aka Karɓe

Zuwa ga:
Mai Girma Monsieur Lucien Darrigol,
Sakataren Yanki, Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Kulob-kulob na Silima,
Toulouse.

Daga:
Gaspard Rouvel, malamin falsafa, Sakandaren Valbrune, mamba mai lamba 87.

14 ga Maris, 1966

Game da: Karɓe katin zama mamba na Madam Solange Peyrat ba bisa ƙa'ida ba, da hannun da nake da shi a ciki

Yallaɓai,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina kawo ƙarar kwamitin kulob ɗin silima na Valbrune, wanda Monsieur Fernand Aubagnac yake shugabanta. Ina kuma kawo ƙarar kaina.

1. Tun da aka turo ni garin nan a watan Oktoba nake sa-in-sa da kwamiti, domin shekara goma ba su nuna komai ba sai finafinan ban dariya. Na kira su masu barci ido buɗe. Da suka gaji, suka bar ni na zaɓi fim ɗaya. Na zaɓi labarin matar wani mai gonar inabi da ta kamu da son wani baƙo, ta koma ɗakinta ba ta nemi gafarar kowa ba. Suka dubi juna. Na ɗauka nasara na yi.

2. Ranar Alhamis, 3 ga Maris, aka nuna shi. Kamar yadda Yallaɓai ya sani, in an kunna fitilu ba a tashi sai an yi muhawara. Ni na jagoranta. Na tambaya ko dole ne irin wannan mace ta roƙi gafarar gari. Mutum sittin, ba wanda ya ɗaga hannu. Raina ya ɓaci, na ce shirun nan na matsorata ne. Sai na hango wata mace a layi na huɗu idonta ya yi ja, na ce tunda ita kaɗai fim ɗin ya taɓa, ta tashi ta yi mana bayani. Madam Peyrat ce, matar mai kantin magani. Kowa a garin ya san abin da ya shiga tsakaninta da wani injiniyan madatsar ruwa shekara shida baya, ban da ni.

3. Ta tashi, ta ce fim ɗin ya yi kyau, sai dai an manta ba a sa maƙwabta a ciki ba. Ta zauna. Nan take bakin kowa ya buɗe. Ana ta caccakar matar cikin fim, amma idanu suna layi na huɗu. Matar likitan dabbobi ta ce miji mai haƙuri irin wannan sai a allon silima, ko a bayan kantar sayar da magani. Aka kwashe da dariya. Monsieur Aubagnac yana riƙe da ƙararrawar tsawatarwa, bai kaɗa ba. Ni kuwa, Yallaɓai, murna nake yi muhawara ta yi zafi, har na rubuta a littafina cewa Valbrune ta farka. Minti ashirin da biyar ana wannan. Sai washegari matar da nake haya a gidanta ta fayyace mini, tana yanka burodi, ta ce duk karatun Paris ɗin nan bai koya mini duba fuskar mutum ba.

4. Ranar 8 ga wata kwamiti ya zauna ba a gayyace ni ba, ya karɓe katinta, wai zamanta a zaure yana hana muhawara cikin natsuwa. Sashe na tara na dokarmu ya ce sai an rubuta wa mamba, an kuma ji ta bakinsa. Ba a yi ko ɗaya ba. Shekararta goma sha ɗaya a kulob ɗin, kuma shi ne taro ɗaya da ya rage mata a garin nan. A rahoton zaman babu sunan waɗanda suka yi dariya. Nawa yana ciki, an yaba da ƙwazona.

Saboda haka ina roƙon Yallaɓai ya ba da umarni a mayar mata da katinta kafin nunin 24 ga Maris, a soke yabon da aka yi mini, a rubuta a madadinsa cewa ni na tayar da ita tsaye.

Jiya na je kantin in ba ta haƙuri. Ta saurare ni har ƙarshe, ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta tambaye ni fim ɗin da za a nuna ranar 24. Na kasa gaya mata, domin ba zan iya ce mata ta zo ba.

Ina jiran hukuncin Yallaɓai cikin ladabi da sunkuyar da kai.

Naka mai biyayya,
Gaspard Rouvel