Kujerar Ranar Alhamis

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uwa mai kewar 'yarta, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da aikin asibitin nan naku da ba ya barin mutum ya zauna. Yaya ciwon bayan? Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba, kuma shi ne ya sa na ɗauki biro.

Kada ki yi mamakin ganin hoton takarda maimakon kira. Tun da idon babanki ya yi rauni kunnensa ya ƙara kaifi, ko a kicin na yi raɗa a waya sai ya tambaye ni da wa nake magana. Shi ya sa na koma wa tsohuwar sana'ata ta malamar makaranta: in rubuta, in ɗauki hoto, in tura miki. In kin ga rubutun ya karkace ki yi haƙuri, a kan tiren shayi nake yi.

Kin tuna telan ƙarshen layinmu, wanda ya riƙa ɗinka miki kayan makaranta? Matarsa ta rasu wajen haihuwa, ita da jaririn. An ɗauke wuta ana tsakiyar yi mata aiki, aka je tada janareta aka tarar babu mai. Babanki ne ya sallace su, ya dawo gida ya kasa cin abinci.

Ranar Alhamis yayanki ya zo bayan la'asar da kwamfutarsa kamar kullum. Kin san tsarinsu tun da babanki ya daina ganin rubutun hannunsa: shi ya faɗi huɗubar Juma'a, yayanki ya zauna a kujerar nan ta bakin taga ya buga masa da manyan baƙaƙe. Kin kuma san ba bugun ne ke cin lokaci ba, musun ne. Babanki ya faɗi magana, yayanki ya ce a'a Baba, wannan ta yi tsawo, ko wannan kalmar matasa ba su san ta ba, shi kuma ya tambaye shi wa ya haifi wani a cikinsu. Shekara da shekaru ina mita sun hana ni jin rediyona. Wannan karon ma sun yi, har yayanki ya sa shi ya cire wata kalma mai zafi. Sauran duka da yatsunsa ya buga.

Abin da babanki ya faɗa a kan mumbari bai fi haka ba: duk wanda aka ba amanar jama'a, ya kwana da haske a gidansa alhali mace na mutuwa cikin duhu a asibiti, ya tanadi amsar da zai ba Ubangijinsa. Bai kama sunan kowa ba, bai ambaci jam'iyya ba.

Kafin mutane su gama neman takalmansu a ƙofar masallaci, 'yan adawa sun yanko wurin daga bidiyo sun manna hoton ɗan takararsu a gefe. Washegari motoci suka cika mana layi. Mutanen da ko sannu ba su yi mana ba lokacin da aka yi wa babanki aikin ido, yau su ne ke rusunawa suna kiransa Babanmu. Suka shanye mini shayi, suka ɗauki hoto da shi ta dama ta hagu. Shi kuwa, bawan Allah, ya ɗauka maganar asibitin ce ta kawo su. Kowa ya zauna sai ya tambaye shi ko an zuba wa janaretan mai. Babu wanda ya sani.

To, ba sai na tuna miki yayanki ne kakakin jam'iyya mai mulki ba. Ranar Litinin muna zaune muka ji muryarsa a rediyo. Ya ce jam'iyyarsu na girmama Malam, dattijo ne mai daraja, amma kowa ya san ba ya gani sosai, abin da aka miƙa masa a takarda shi yake karantawa, don haka a binciki hannun da ke rubuta masa. Auta, hannun nan nasa ne.

Babanki ya saurara har aka gama labarai. Sannan ya sa na tattaro takardun huɗubar na ɗora a saman kwaba, ya ce daga yau ba zai ƙara hawa mumbari da takarda a hannu ba.

Da yamma yayanki ya kira ni, wai ban san abin da ya tare ba. Asalin sanarwar neman a tsige babanki take yi, shi ne ya yi ta fama da manyansu har aka mai da laifin kan wani hannu marar suna. A ganinsa ya ceci ubansa. Na ce masa kai da ka tashi a gidan nan ba ka san mutumin ba? Ya fi so a ce ya yi laifi a sauke shi, da a ce bakinsa na aro ne. Ya ce in bar shi da siyasa, ba fagena ba ne. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma babu wanda zan gaya wa sai ke.

Ki gaida maigidanki. Kada ki nuna wa babanki kin sani.

Mai ƙaunarki,
Mamanki


Autata,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa. Na ga amsarki, na karanta har na kusa haddacewa. Na ji daɗi da bayan ya yi sauƙi, amma ki rage ɗaga marasa lafiya ke kaɗai, ba ke ce kawai nas a duniya ba.

Kin ce in kira yayanki ya zo ya ba da haƙuri. Na kira. Ya ce yanzu idon kowa na kansa, in aka ga motarsa a ƙofar gidanmu za a ce shi ne hannun da ake nema. Na ce ai kai ne. Ya ce zai sake kira. Alhamis ta zo na dafa abinci da shi, na ajiye masa kwanonsa, har ya huce na kai wa maigadin layi. Yaransa ma matarsa ba ta kawo su ba.

Babanki ya cika alkawarinsa, ya hau mumbari hannu rabbana. Abin da ya tada masa hankali wannan karon, telan nan ne ya zo masa da kuka. Ya fito da safe ya ga hoton marigayiya matarsa a jikin fosta, a bangon shagonsa, ƙarƙashin fuskar ɗan takarar adawa yana murmushi. Ba wanda ya nemi izininsa, wani ɗan'uwanta ne ya ba su hoton. Sai babanki ya ce a huɗuba, wanda ya bari aka mutu cikin duhu da wanda ya ɗauki fuskar mamaciya yana neman ƙuri'a da ita, dukansu za su tsaya a gaban Allah.

Sai ki ga yadda aka juya. Waɗanda suka shanye mini shayi suka ce an saye Malam, ai dama ɗansa na can yana cin gwamnati. Masu mulki kuma da suka ce bai san abin da yake karantawa ba, suka ce yanzu ga malami na gaskiya, suka yanko rabin da ya yi musu daɗi suka baza. Suka turo wakilai da 'yan hoto. Babanki ya yi musu irin tambayar da ya yi wa waɗancan, ko an zuba mai. Suka ce ana kan shiri. Ya ce to su je su shirya, ya ƙi tsayawa hoton. Na leƙa ta labule ina neman yayanki a cikinsu, ba ya nan.

Tun daga ranar gidan nan ya yi tsit. Dattawan da ke biyo babanki bayan sallar asuba su zauna hira a falo sun rabu biyu, kowane ɓangare na ganin ya ci amanarsa, kuma duka sun daina zuwa. Maƙwabciyata da muke zuwa kasuwa tare yanzu sai ta ɗaga mini hannu daga nesa, mijinta na neman kujera a zaɓen nan. Ina share falon nan kullum, babu ko sawun da zan share. Tela ne kawai ke zuwa, ya riƙe wa babanki hannu zuwa masallaci, ya dawo da shi, ba ya ko zama.

Abin da ya fi cin raina shi ne yammacin Alhamis. Babanki na kai-kawo a falo yana bitar huɗuba shi kaɗai don ta zauna masa a kai, in ya zo bakin taga sai ya dafa bayan kujerar ya wuce. Na ce bari in rubuta masa da babban alƙalami, ya ce ya riga ya faɗa, babu takarda. Kin san kansa ba kamar da ba. Juma'ar da ta wuce yana cikin kawo wani hadisi ya ɓace masa, ya tsaya shiru a gaban jama'a har na'ibi ya ɗora shi. Wannan shirun ma sun yanko shi, duka ɓangarorin biyu, suna ta turawa da dariya. Na gani a wayar mai kayan miya, na biya shi na dawo gida na yi kukana a kicin.

Jiya kwamitin masallaci ya zo. Kin san rabinsu na can, rabi na nan, ko a kan kalar fenti ba su taɓa yin baki ɗaya ba. A kan babanki sun yi. Suka ce ya tsufa, ya kamata ya huta, na'ibi ya karɓa. Ya ce su bar masa Juma'a ɗaya ya yi bankwana.

Ki sa mu a addu'a. Ina kewarki ƙwarai kwanan nan.

Taki har kullum,
Mamanki


Autata abar ƙaunata,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki da mutanen gidanki. Ina fatan aiki na tafiya daidai. Ni da babanki jiki lafiya.

Yayanki ya zo. Na san kiranki ne ya yi aiki, Allah Ya yi miki albarka. Ranar Alhamis ɗin bankwana ya ajiye mota a wani layi ya tako da ƙafa, da kwamfutar a hannu. Da na ji sallamarsa sai da na zubar da ruwan da ke hannuna. Ya rame, Auta. Ya durƙusa a gaban babanki ya ba shi haƙuri, babanki ya ce ya yafe masa duniya da lahira, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, suka ci abinci kwano ɗaya. Na ce alhamdu lillahi, an gama.

Da aka ɗauke kwano yayanki ya zauna a kujerarsa ya buɗe kwamfutar. Babanki ya ce ya dakata. Ya ce a rediyo aka ce a nemo hannun da ke rubuta masa, shin an gaya wa mutane an same shi, kuma abin da ubansa ya faɗa kawai yake bugawa? Yayanki ya sunkuyar da kai. Ya ce wallahi zai faɗa, da bakinsa, a wannan rediyon, amma a bari zaɓe ya wuce, in ya faɗa yanzu aikinsa ya tafi. Babanki ya ce Allah Ya kai mu. Kin san yadda yake faɗinta in ya gama magana.

Yayanki ya rufe kwamfutar. Suka zauna, wannan na kallon ƙasa, wancan na jan carbi. Sai a ranar na gane mutanen nan biyu ba su da wata hira sai ta huɗuba, duk son da suke wa juna a cikin musun nan yake. Da aka kira magariba ya tashi, ya ce ba zai iya bin babanki masallaci ba, za a gan su tare. Na raka shi har ƙofa.

Huɗubar bankwana gajeriya ce. Ya nemi gafarar jama'a, ya roƙi duk wanda ya ci zaɓe ya tuna da asibitin nan. Ba wanda ya yanko ta, babu abin da za su ci a ciki. Tela ya dawo da shi gida, ya ce mini mutane da yawa sun yi hawaye, amma babu wanda ya biyo su.

Na ɗauka shi ke nan an huta da Alhamis. Jiya Alhamis bayan la'asar sai babanki ya kira ni, ya ce in zo da takarda da babban alƙalamin nan. Na ce Malam, wa za ka yi wa huɗuba? Ya ce tunda ba mumbari za ta hau ba, alkawarinsa bai karye ba, in zauna kawai. Na zauna a kujerar bakin taga. A kan haƙƙin ɗa a wuyan mahaifinsa ya yi ta. Yana faɗa ina rubutawa da manyan baƙaƙe, irin yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya a allo.

Sai na lura duk maganar da ya faɗa yakan tsaya. Na ɗauka jira yake in gama, sai in ce na rubuta, Malam. Ya ƙara wata, ya tsaya, in ce na rubuta. Can ya kawo wata magana doguwa mai sarƙaƙiya, da wata tsohuwar kalma da ni kaina ban san ta ba. Na rubuta ta yadda na ji, na ce na rubuta. Ya daɗe fuskarsa na wajen kujerar. Sannan ya ce, “Ba ki ce komai ba. Da shi ne, a nan zai ce a'a.”

Ya ce in ajiye alƙalamin, ya isa haka.

Auta, ki sake kiran yayanki. Kada ki yi masa faɗa. Ki gaya masa abin da babansa ya faɗa jiya, yadda na rubuta miki shi, sannan ki gaya masa ubansa ba yaro ba ne, ban san ko zai jira zaɓe ba. Ranar Alhamis zan dafa da shi.

Mahaifiyarki mai kewarki,
Mama